Illar shan giya a ɓoye a jihar Kebbi

Fiye da shekaru 20 ke nan tun bayan da jihar Kebbi ta bi sahun Zamfara wajen ƙaddamar da shari'ar Musulunci, a ƙarshen shekara ta 2000, zamanin gwamna Muhammadu Adamu Aliero. Cikin abubuwan da suka fara ɓacewa daga idon jama'a a Birnin Kebbi da Argungu har da gidajen giya.

Babu tantama akasarin mutanen waɗannan garuruwa ba sa shan barasa, ba su taɓa sha ba, kuma tun kafin dokar gwamnati addini da tarbiyya sun riga sun raba su da ita. Ta fuskar kiwon lafiya wannan babbar riba ce, wadda ƙasashen Turai ke kashe maƙudan kuɗaɗe suna neman ko da rabinta.

Sai dai kuma akwai 'yan tsirarun da ke sha, kuma yanayin shan nasu na iya jefa su cikin haɗarin da ya zarce na takwarorinsu na Legas ko Fatakwal. Suna sha a ɓoye, cikin gaggawa, sau da yawa abin da ba su san yadda aka haɗa shi ba. Idan kuma jiki ya fara gazawa, kunya ta hana su gaya wa likita gaskiya.

Alƙaluman duniya

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar a watan Yunin 2024 ya ce a shekara ta 2019 kaɗai barasa ta yi sanadin mutuwar mutane miliyan 2.6, wato kashi 4.7 cikin 100 na dukkan mace-macen da aka yi a duniya a waccan shekara. Miliyan 2 daga cikinsu maza ne.

Kimanin dubu 474 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini ne suka kashe su, dubu 401 cutar daji, yayin da dubu 724 suka rasa rayukansu ta hanyar haɗurran mota, faɗa, ko kashe kai. Hukumar ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 400 ke fama da matsalar shaye-shayen barasa, kuma miliyan 209 daga cikinsu sun kai matsayin da jikinsu ba ya iya zama lafiya sai da ita.

Abin da ya fi jan hankali a rahoton shi ne matsayin Afirka. Idan aka auna yawan mace-macen da yawan jama'a, nahiyar tana kan-kan-kan da Turai, kowaccensu da kimanin mutum 52 cikin dubu 100, alhali kuwa Turawa sun fi 'yan Afirka sha nesa ba kusa ba. Ma'anar wannan ita ce kowace lita ta fi yin ɓarna a inda ake da talauci, da ƙarancin asibitoci, da wasu cututtukan da suka riga suka raunana jiki. Jihar Kebbi na cikin irin waɗannan wurare.

Tsohon hani

Hana barasa a wannan yanki ya girmi shari'ar shekara ta 2000. Masarautar Gwandu, wadda Abdullahi ɗan Fodiyo ya kafa, tana kan mazhabar Malikiyya, inda haddin mashayi bulala 80 ne. Da Turawa suka zo ma ba su ɗage hanin ba. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Brussels a 1890 ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma gwamna Lugga ya ɗora Arewacin Najeriya a kan wannan tsari. Turawan da kansu, ba sai an faɗa ba, sun ci gaba da shan abinsu a gidajen kulob.

Duk da haka giya ba ta taɓa ƙaura daga ƙasar Hausa ba. Da ba ta zama abin damuwa a bariki da tashoshin jirgin ƙasa ba, da Mu'azu Haɗeja bai keɓe mata waƙa sukutum ba a shekarun 1950.

A yau hanyoyin samunta a jihar Kebbi ba ɓoyayyu ba ne ga mai nema. A kudancin jihar, musamman masarautar Zuru, akwai al'ummomin Kirista da masu bin addinin gargajiya da yawa, kuma burkutun da ake dafawa da dawa daɗaɗɗen abu ne a bukukuwa da ranakun kasuwa. Barikokin soja a duk faɗin ƙasar suna ƙarƙashin gwamnatin tarayya ne, hannun dokar jiha ba ya kaiwa kasuwannin da ke cikinsu. Ga kuma iyaka: daga Kamba zuwa Gaya a Jamhuriyar Nijar tafiya ce ta ɗan lokaci, kuma ana ƙetare kogin Kwara daga Gaya sai Malanville a ƙasar Benin, inda ba a hana sayarwa ba.

Amma abin da ya fi sauya fuskar al'amarin shi ne ƙaramar leda. Kwalbar giya tana da girma da ƙara da wari, ɓoye ta sai da dabara. Barasa mai ƙarfi da aka ɗura a leda ko 'yar mitsitsiyar roba kuwa tana shiga aljihu, ana zuƙe ta cikin daƙiƙoƙi a bayan tasha, kuma kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba. Wata kuma ana haɗa ta da saiwoyi da sassaƙe a sayar da sunan maganin basir, ko na ciwon baya, ko na ƙarfin maza, ta yadda mai saye zai iya yaudarar kansa cewa magani ya sha.

Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta cimma yarjejeniya da kamfanoni a watan Disambar 2018 cewa za a daina ɗura barasa a leda da ƙananan kwalaben da ba su kai mililita 200 ba cikin shekaru 5. Da wa'adin ya cika, shugabar hukumar Farfesa Mojisola Adeyeye ta sanar da fara aiki da haramcin a watan Fabrairun 2024. Kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ca, majalisar wakilai ta sa baki, daga bisani aka ɗage wa'adin zuwa ƙarshen 2025.

Lissafin kwalba

Likitoci ba sa ƙidayar kwalabe, suna ƙidayar giram na sinadarin itanol, wanda shi ne ke bugarwa a kowace irin barasa, daga burkutu da bammi har zuwa wuski.

Hantar babban mutum na iya sarrafa kimanin giram 10 ne a cikin sa'a guda. Babbar kwalbar giya irin ta Najeriya, mai mililita 600 da ƙarfin kashi 5 cikin 100, na ɗauke da kusan giram 24. WHO na ɗaukar shan giram 60 a zama ɗaya a matsayin sha mai haɗari, abin da ke nufin kwalba uku sun riga sun haye layin.

Ita kuwa 'yar roba mai mililita 200 ta barasar da ƙarfinta ya kai kashi 40 cikin 100, ita kaɗai ta wuce giram 60. Wanda ke tsoron kada a gan shi ba zai zauna yana kurɓa sannu a hankali ba, zai kwankwaɗe ta ne ya goge baki ya tauna goro ko kanumfari, galibi kuma da yunwa a cikinsa, abin da ke sa barasar shiga jini da sauri. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi a Birnin Kebbi ke haura digiri 40, barasa na ƙara tsotse ruwan jiki ta hanyar yawan fitsari, ƙoda kuma ta ɗauki nauyin.

Daga nan ne wani zai hau babur ɗin kabu-kabu, ko ya ja mota a hanyar Jega ko ta Argungu zuwa Sakkwato. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade giram 0.05 a cikin kowane mililita 100 na jini, kuma ana iya wuce wannan iyaka tun kafin mutum ya fara tangaɗi.

Hantar da ta riga ta gaji

Idan barasa ta isa hanta, ana fara juya ta zuwa wani sinadari mai guba da ake kira asetaldehaid, kafin a sake narkar da shi ya zama abin da jiki zai iya fitarwa. Wannan guba ce ke lalata ƙwayoyin hanta, tana kuma ɓata tsarin halittar da ke cikin ƙwayoyin jiki, wanda shi ne mafarin cutar daji.

Ɓarnar na tafiya mataki-mataki. Da farko kitse ne ke taruwa a hanta, abin da ke samun kusan duk mai yawan sha, kuma idan aka daina yakan baje cikin 'yan makonni. Idan aka ci gaba sai hantar ta kumbura. Daga ƙarshe tabo ya maye gurbin tsoka, hantar ta ƙandare ta motse, matakin da kimanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na masu yawan sha ke kaiwa. A nan ne ido ke yin ɗorawa, ƙafafu su kumbura, ciki ya cika da ruwa, wani lokaci jijiyoyin maƙoshi su fashe mutum ya yi ta aman jini. Abin takaicin shi ne hanta gaɓa ce mai haƙuri: tana iya shekaru tana lalacewa mai ita bai ji ciwon komai ba.

Wannan bayani ya shafi mashayi a ko'ina cikin duniya. Abin da ya bambanta mutumin kwarin Rima shi ne hantarsa na iya kasancewa ta riga ta sha wahala tun kafin ya ɗanɗana barasa.

Binciken da gwamnatin Najeriya ta gudanar a faɗin ƙasar a 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin 100 na masu shekaru 15 zuwa 64 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wato kusan mutum ɗaya cikin 12, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Sai a 2004 aka shigar da allurar rigakafin cutar cikin jerin alluran yara, don haka duk wanda aka haifa kafin nan bai samu wannan kariya yana jariri ba. Allurar farko kuma ana so a yi ta ne cikin sa'o'i 24 da haihuwa, alhali binciken lafiyar iyali na 2018 ya nuna cewa a Kebbi matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai kashi 10 cikin 100 ba.

Bayan wannan akwai gubar fumfuna da ake kira aflatoksin, wadda ke kama gyaɗa da masarar da aka ajiye da danshi, kuma an tabbatar tana haddasa dajin hanta. Akwai kuma tsargiya, da ake ɗauka a ruwan fadama da gulbi, wurin aikin manoman shinkafa da masuntan Argungu. Jama'a sun fi sanin nau'inta mai sa fitsarin jini, amma akwai nau'in da ƙwayayensa ke maƙalewa a hanta su bar mata tabo.

Idan barasa ta tarar da ɗaya daga cikin waɗannan, ɓarnar takan ninka, ta kuma yi sauri. Shawarar da likitoci ke bai wa mai ciwon hanta nau'in B ita ce kada ya kusance ta ko kaɗan. To amma wanda bai san yana da cutar ba, kuma ba zai yarda ya ce yana sha ba, ta wace ƙofa wannan shawara za ta same shi?

A gida kuwa, kumburin ciki da rawayar ido na da fassarorin da suka fi sauƙin faɗa: shawara ce, ko sammu ne, ko an sa masa wani abu a abinci. Sai a shiga jiƙe-jiƙe, waɗanda wasunsu ke ƙara wa hantar nauyi. Haka ma yawan haɗiyar farasitamol don kashe ciwon kan da ke biyo bayan maye. Kafin a kai ga asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi, sau da yawa abin da ya rage shi ne a zuƙe ruwan ciki a sauƙaƙa wa majinyaci wahala.

Ba hanta kaɗai abin ya shafa ba. Tun 1988 cibiyar binciken cutar daji ta WHO da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya barasa a rukuni ɗaya da taba, cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Nau'o'i aƙalla 7 ake dangantawa da ita, ciki har da na baki, maƙogwaro, hanji da kuma nono, kuma masanan cibiyar sun ƙiyasta cewa sabbin kamuwa dubu 741 a 2020 na da nasaba da ita. Tsohon zancen nan cewa ɗan kofi ɗaya na gyara zuciya ma ya sha suka, domin a watan Janairun 2023 WHO ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya. Tana ƙara hawan jini da haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Tana raunana garkuwar jiki ta buɗe ƙofa ga tarin fuka, cutar da Najeriya ta fi kowace ƙasar Afirka yawan masu ita, sannan ta haɗu da magungunan tarin su taru a kan hanta.

Gubar metanol

Akwai wani haɗari da ya keɓanta da barasar bayan fage, kuma shi ba ya jiran shekaru.

Metanol ɗan'uwan itanol ne, kamanninsu da warinsu kusan ɗaya, sai dai shi na masana'antu ne, ana amfani da shi wajen haɗa fenti da makamantansu. Masu haɗa ogogoro ko irin goskolon da ya addabi matasan Jos kan zuba shi don ƙara ƙarfi da riba. Idan ya shiga jiki hanta na juya shi zuwa wani ruwan guba mai cin jijiyar gani. Kimanin mililita 10, wato ƙaramin cokali biyu, na iya makantar da mutum, mililita 30 kuma na iya kashewa.

Muguntarsa ita ce jinkiri. Mutum zai sha ya bugu kamar kullum, ya kwana ya tashi, sai bayan sa'o'i 12 zuwa 24 ciwon kai da amai da ciwon ciki su taso, gani ya fara dushewa kamar an yi hazo.

A watan Afrilun 2015 aƙalla mutane 18 suka mutu cikin 'yan kwanaki a garin Ode-Irele na jihar Ondo. Wasu mazauna garin sun ce fushin abin bautarsu na gargajiya ne, jami'ai suka fara zargin maganin feshi, kafin gwaji ya nuna metanol ne a cikin ogogoro. Watanni biyu bayan nan kimanin mutane 70 suka mutu a jihar Ribas ta wannan hanya.

Misalan da suka fi kusa da halin da Kebbi ke ciki kuwa daga ƙasashen Musulmi masu dokar hani suke. A birnin Tripoli na Libiya, a watan Maris na 2013, fiye da mutane 1,000 suka sha gubar, kimanin 100 suka mutu. A Iran, tsakanin Fabrairu da Afrilun 2020, fiye da 700 suka halaka bayan yaɗuwar jita-jitar cewa barasa na maganin korona. A irin waɗannan wurare tsoron hukunci da tonon asiri kan sa a makara wajen zuwa asibiti, alhali sa'o'in farko su ne ke raba rayuwa da mutuwa, da kuma gani da makanta.

Wani abin mamaki shi ne, inda babu maganin musamman mai tsada da ake kira fomefizol, abin da likita ke bai wa majinyacin shi ne itanol ɗin kansa bisa ƙa'ida, domin ya shagaltar da hanta har a samu a wanke jinin da na'ura. Likitan da ba a gaya masa abin da aka sha ba zai iya ɓata waɗannan sa'o'i yana neman zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau.

Ga matasa kuma akwai batun gauraye. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa kashi 12 cikin 100 na masu shekaru 15 zuwa 64 a Arewa maso Yamma sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Tiramadol da kodin da ƙwayoyin barci duk suna rage numfashi, barasa ma haka. Idan suka haɗu, mutum na iya yin barcin da ba a tashi.

Ranar da aka daina

Wani ɓangare da ba kasafai ake jin sa a wa'azi ko a rediyo ba shi ne cewa ga wanda barasa ta riga ta kama jikinsa, dainawa farat ɗaya ba tare da likita ba na iya zama ajali.

Ƙwaƙwalwar mai sha kullum takan saba da aiki ƙarƙashin dannewar barasa. Idan aka janye ta kwatsam, sai jijiyoyi su zabura. Cikin sa'o'i 6 zuwa 24 hannu ya fara rawa, gumi ya keto, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, barci ya ƙaurace. Wasu kan faɗi suna shure-shure irin na farfaɗiya cikin kwana biyun farko. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuma ƙalilan daga cikinsu kan shiga gigita mai tsanani: zazzaɓi, sambatu, ganin ƙwari ko macizai ko mutanen da babu su, da jin muryoyi.

Duk wanda ya san ƙasar Hausa ya san fassarar da za a yi wa mutumin da ke kakkarwa yana ganin abin da ba kowa ke gani ba, musamman idan iyalinsa ba su san yana sha ba. Za a ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya, a yi ta hayaƙi. Lokacin da wannan ya fi yiwuwa kuwa shi ne farkon watan Ramadan, sa'ad da mai sha ya ƙudurta tuba da gaske ya yanke gaba ɗaya, ko kuma ranar da aka tsare shi a ofishin 'yan sanda, ko aka kwantar da shi a asibiti saboda wata cuta dabam.

Maganin wannan hali ba mai tsada ba ne. Ƙwayoyin kwantar da jijiya irin su dayazefam a ƙarƙashin kulawar likita, da ƙarin ruwa, da allurar bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, kan fitar da mutum cikin mako guda. Kowane babban asibiti na iya yi. Abin da kawai ake buƙata shi ne wani ya faɗa wa likitan gaskiya.

Ina za a kai shi?

Muhawarar barasa a Najeriya ta fi karkata ga addini da haraji. A 2021 gwamnan Ribas na lokacin, Nyesom Wike, ya yi ta ƙorafin cewa jihohin da ke fasa kwalabe na karɓar kaso daga harajin kayayyakin da ake samu a kanta. A Kano kuwa hukumar Hisba ta murƙushe kwalabe dubu 240 a watan Nuwambar 2013, da kusan miliyan 2 a Nuwambar 2020, a gaban kyamarorin 'yan jarida. Kwalabe na da sauƙin ƙirgawa. Mutanen da aka shirya za su shanye su kuwa suna nan a gidajensu, kuma fasa kwalba ba ya warkar da wanda jikinsa ya riga ya kamu.

Asibitin tarayya na masu larurar ƙwaƙwalwa mafi kusa da Birnin Kebbi shi ne na Kware a jihar Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 150, kuma sunansa kaɗai ya isa ya sa magidanci ya ce a bar shi ya mutu a ɗakinsa. Likitocin wannan fanni a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Wannan giɓi ne gidajen mari suka daɗe suna cikewa, har zuwa watannin Satumba da Oktoban 2019, lokacin da 'yan sanda suka kai samame a Rigasa ta Kaduna, da Daura, da Katsina, da Zariya, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyaye ne da kansu suka kai da yawa daga cikinsu saboda shaye-shaye, domin ba su ga wata mafita ba.

Iran, wadda ke da dokar da ta fi ta Kebbi tsauri, ta kai ga amincewa cewa hukunci kaɗai bai wadatar ba. A 2015 ma'aikatar lafiyarta ta sanar da shirin buɗe cibiyoyi 150 na jinyar mashaya, ba tare da an ɗage haramcin ba.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga malaman Gwandu da Argungu. Sananne ne a wurinsu cewa haramcin giya ya sauka ne daki-daki a Alƙur'ani, daga Suratul Baƙara zuwa Nisa'i kafin hukuncin ƙarshe a Ma'ida. Sun kuma san labarin sahabin nan da aka sha kawo shi ana yi masa haddi saboda sha, amma da wani ya tsine masa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Limamin da zai iya haɗa kira zuwa ga tuba da shawarar a je a ga likita kafin a yanke zai ceci rayukan da bulala ba za ta kai gare su ba.

A ɓangaren asibiti, tun 1989 WHO ta tsara wasu tambayoyi 10 da ma'aikacin lafiya zai iya yi wa majinyaci cikin 'yan mintoci don gane ko shan barasa na cikin matsalarsa. Amfaninsu ya dogara ne a kan sirri. A gari irin Argungu, inda malamin asibiti zai iya kasancewa ƙanen matar majinyaci ko abokin sahunsa a masallaci, babu mai amsa irin wannan tambaya sai ya tabbata maganar ba za ta fita daga ɗakin ba.

A watan Janairun 2023 aka sanar cewa shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majinyaci na a rufa masa asiri da kuma kula da shi a asibitocin da ke kusa da jama'a. Akasarin asibitocin da ke ƙananan hukumomi 21 na Kebbi kuwa a hannun gwamnatin jiha suke, don haka horar da ma'aikatansu, da samar da gwajin ciwon hanta nau'in B mai sauƙin kuɗi, da keɓe 'yan gadaje don masu son dainawa, duk shawara ce da za a yanke a Birnin Kebbi.